Kaska Mai Gida a Kunnen Hagu

Ga ta nan, ga ta nanku, masu sosa ƙeya!

Ta zo mu ji ta, ko ta yi ƙaiƙayi!

An yi wata Kaska, ƙatuwa, mai tumbi kamar ƙwallon goruba. Ran da za ta bar gida, uwarta ta kira ta ta ce, "'Yar nan, duk zuriyarmu da haushin kifi muke mutuwa. Ki kiyaye."

Kaska ta yi dariya har ta faɗi rigingine. Ita a wautarta ta ɗauka kifin ruwa ake nufi. Ta ce, "Inna, kin taɓa jin kifi ya ce wan-wan? Ashe ni da mutuwa sai dai mu ji labarin juna."

Sai ta tafi wani ƙauye da ko rafi babu, ta tare a kunnen hagu na karen wani mafarauci mai suna Cindo. Ba sallama, ba gaisuwa. Ko sunan mai kunnen ba ta tambaya ba. Shi kuma Cindo da fito yake kiran karensa, don haka ba ta taɓa jin sunan ba, ba ta kuma damu ba. Ta sha jini da safe, ta sha da rana, ta ƙara da la'asar.

Wata rana karen ya ji motsi, ya ɗaga ƙafa zai sosa. Kaska ta yi maza ta sassauta murya ta ce, "Kul! Ni ce zuciyarka. Wa ya taɓa sosa zuciyarsa?"

Karen nan, Allah sarki, ga gudu ga farauta, amma kansa kamar ƙwarya. Ya ce, "Yi haƙuri, Zuciya." Tun daga ran nan duk abin da ta ce shi yake yi.

To, damina ta matso. Cindo ya shiga damuwa, domin bara war haka sauro ya ciji uwar karen nan, ya zuba mata wata tsutsa da ke zama a cikin zuciya. Ta yi ta tari, ta rame, kafin kaka ta mutu. Cindo ya yi kuka kamar ɗan'uwa ya rasa, ya rantse ba za a maimaita ba. Ranar kasuwa ya ja karen zuwa gindin tsamiya, inda Malama Talatu likitar dabbobi ke shimfiɗa tabarma.

Malama Talatu ta ɗebi jinin karen ta duba. Ta ce, "Alhamdu lillahi, tsutsa ba ta shiga ba tukuna. Riga-kafi ya fi magani. Ga iri uku, a zaɓa."

Cindo ya ce, "Jikinsa ne, Malama. Wanda ya yi wa haushi, shi ke nan."

Kaska na ji, ta kasa kunne. Ta gyara zama.

Malama ta ɗaga na farko. "Wannan abin wuya ne. Yana korar kaska da ƙuma, amma ba ruwansa da tsutsa."

Kaska ta raɗa, "A ɗaura maka igiya a wuya? Kai akuya ne?"

Karen ya kau da kai ya ce, "Zuciyata ta ce a'a."

Malama ta ɗaga na biyu. "Wannan ɗigawa ake yi a ƙeya. Shi ma kaska da ƙuma."

Kaska ta raɗa, "Turare ne! Zomo zai ji ƙamshinka tun daga bayan dutse, ya zauna yana yi maka dariya."

Karen ya ce, "Zuciyata ta ce a'a."

Malama ta ɗaga na uku, wata 'yar ƙwaya. "Wannan haɗiya ake yi, sau ɗaya duk wata, kada a tsallake. Kaska, ƙuma, tsutsar sauro, duka ukun ta gama da su."

Nan fa Kaska ta rikice. Ta manta da raɗa, ta kwarma ihu, "Guba ce! Gudu! Ja wutsiya mu tafi gida!"

Karen ya ce, "Zuciyata ta ce a'a, har da ihu."

Cindo ya dafe kai. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga sauro har ya fara zagaye tsamiya yana gwada murya. Ya ce, "Haba ɗan gidana, so kake ka bi uwarka?"

Malama Talatu kuwa ta daɗe tana ganin iri-iri. Ta sa abin awonta a ƙirjin karen, ta saurara. Ta ce, "Ni dai abin da nake ji, dum-dum, dum-dum. Ba a'a, ba i. Wai daga ina zuciyar taka take magana?"

"Daga kunnen hagu."

"Zuciya a kunne?"

Kaska ta raɗa da sauri, "Ce mata ƙaura na yi. Ƙirji zafi."

Karen ya buɗe baki zai faɗa, sai ya tsaya. Ko kan ƙwarya wata rana yakan riƙe ruwa. Ya tuna tarin uwarsa, da yadda take dafe ƙirji, ba kunne ba. Ya ce, "Zuciya, tare aka haife mu, ko?"

"Rana ɗaya!"

"To, yaya sunana?"

Kaska ta shiga laluben suna. Can ta ce, "Durwa."

"A'a."

"Duna?"

"A'a."

"Wato... Maigida?"

Daidai nan aka yi tsawa. Cindo ya manta da fito, ya ɗaga murya ya ce, "Kifi! Don Allah zaɓi mana, ruwa zai sauko!"

Ashe tun yana ɗan kwikwiyo ya faɗa randa ya yi ta iyo, Cindo ya raɗa masa Kifi.

Kaska ta zabura. Ta ce, "Wa? Wane ne Kifi?"

Karen ya taka gaban ƙwayar nan, ya buɗe baki ya ce, "Wan! Wan! Wan!"

Kaska ta ce, "Wayyo Inna, kifi ya yi haushi!" Bakinta ya saki, ta gangaro daga kunne, ta faɗo tim a kan tabarma. Wata kaza da ke kiwo a gefe ba ta tambayi sunanta ba ita ma. Caf!

Kifi ya haɗiye ƙwayarsa, ya sosa kunnen hagu sosai, susar da ya yi wata shida yana marmari. Sauro ya cije shi a damina har ya gaji, tsutsa ba ta zauna ba. Da kaka ta yi, shi ya kamo zomon farko.

Don haka, yarana, in wani ya zauna a kunnenku yana hana ku abin da zai tsare lafiyarku, ku tambaye shi sunanku. Mai shan jininka sau da yawa ko sunanka bai sani ba.

Ƙurunƙus kan kaska, a cikin kaza ta kwana.