Katin Marigayiya da Jan Rubutu

Akwai wani mutum, manomin albasa, wanda mahaifiyarsa ta fara makancewa, har ba ta gane jikokinta sai ta murya. Ran nan aka yi sanarwa a coci cewa likitocin ido za su zo asibitin gari, kwana uku tak a shekara. Amma sai wanda aka riga aka auna, aka buɗe masa kati, sa'an nan aka cika masa fom a intanet.

Lokacin cire albasa ne, mutumin kuwa ya ga kai tsohuwa awo zai cinye masa yini guda. Sai ya ɗauki katin ƙanwarta wadda ta rasu bara, gama a gidansu da kati ɗaya kowa yake zuwa asibiti, ba a taɓa tambaya ba.

Ya kai wa wata mata mai shagon kwamfuta, ta cika fom. Shi kuwa fom ɗin, kafin ya tafi, yakan gwada abin da aka rubuta da abin da yake cikin rajistar asibiti. Sai ga jan rubutu: sunan bai dace da katin ba.

Matar ta ce, "Baba, ba zai wuce ba. Akwai sauran kwana biyar, ka kai Mama a auna ta."

Ya ce, "Sake dannawa."

Sau uku tana dannawa, sau uku jan rubutun yana dawowa. Ya fita da fushi, ya sami wani shago inda aka buga masa takarda mai kyau har da hoto, ba a gwada ta da kome ba. Hankalinsa ya kwanta, abin tausayi.

Ranar da likitocin suka fara aiki, shi da tsohuwar suka yi sammako. Mai karɓan mutane a ƙofa bai ko kula da kyan takardar ba, rajista ya duba. Ya ce, "Ba mu san ta ba."

Mutumin ya yi roƙo har da hawaye, amma an riga an rufe rajista. Tsohuwar ta lalubo hannunsa ta ce, "Ɗana, ja ni mu koma." Kafin likitocin su sake zagayowa, an binne ta, ba ta ƙara ganin fuskarsa ba.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Rajistar ita ce littafin rai. Katin marigayiya bangaskiyar aro ce, ta iyaye ko ta miji, wadda muke tsammani za ta shigar da mu. Jan rubutun Maganar Allah ce, wadda take gwada mu tun da sauran lokaci. Takan ɓata mana rai, mu tafi neman mai faɗa mana abin da muke so mu ji. Jan rubutun nan ba ƙiyayya ba ne, jinƙai ne. Mutumin yana da kwana biyar, ya kuma san da su. Mu ba a faɗa mana nawa suka rage ba.