Mai Fito da Ginshiƙan Gada

A wani ƙauye na bakin kogi an yi wani mutum mai fito. Tun yana saurayi yake ƙetarar da mutane a kwalekwale, masu zuwa kasuwa da masu zuwa asibiti, har kansa ya yi furfura. Wata damina ruwa ya kifar da kwalekwalen a tsakiyar kogi. Ya ceto waɗanda hannunsa ya kai gare su, amma matarsa tana cikin waɗanda ba a samu ba. Tun daga ranar ba abin da yake roƙon Allah kamar gada.

Ana nan, wani rani sai ga ma'aikata sun iso da wani inji mai dogon wuya, ya fi giginya tsawo. Sukan tsai da ƙaton bututun ƙarfe a kan yashi, injin ya ɗaga guduma mai nauyi ya sake ta a kansa, bututun ya shige ƙasa kaɗan, a sake ɗagawa, a sake bugawa. A kan waɗannan ginshiƙai gadar za ta zauna. Shugabar aikin wata injiniya ce mai suna Keziya.

Kullum mai fito yakan zauna a inuwar wani ɓaure yana kallo. Kowane bugu yakan ji shi a tafin ƙafarsa, ruwan ƙwaryar da ke gefensa kuma ya yi rawa. Wata rana da azahar, iska tana kaɗawa a hankali, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Sai ya ga kamar shi ne yake gangarawa tare da ƙarfen. Ya wuce farin yashi mai ɗumi, ya wuce saiwoyin da ba su taɓa ganin rana ba, ya wuce fasassun tukwanen mutanen dā da ɓawon katantanwa na wani kogin da ya daɗe da ƙafewa. Can ƙasa akwai sanyi da shiru, ƙarar gudumar kuwa tana zuwa masa daga nesa kamar luguden mata a wani gari.

Da ya farka sai ya tarar ginshiƙin ya tsaya cak. Ana bugu, ba ya motsi. Ya tashi da murna ya nufi injiniyar.

Ya ce, "'Yata, an kai ke nan! Ku ɗora gada. Ga bazara ta ƙarato, ni kuwa hannuwana sun gaji da filafili."

Ta ce, "Baba, ba mu kai ba tukuna. Tun kafin mu fara mun haƙa mun ga abin da ke ƙasa. Wannan ɓawon marmara ne kawai, kaurinsa bai fi na katifa ba. Ƙarƙashinsa taɓo ne, sai can ƙasa sosai ake samun dutse."

"Amma ga shi ya tsaya da ƙafarsa."

"Ya tsaya ne don ba a ɗora masa komai ba."

Ran mai fito ya ɓaci, gama ya san in aka ci gaba da bugu, damina za ta riske su babu gada. Ya koma gindin ɓauren ya juya wa injin baya. Gudumar ta yi ta sauka, ta yi ta sauka. Can sai ya ji wani irin nishi daga cikin ƙasa. Ya waiga, sai ga ginshiƙin nan da ya rantse ya kafu yana sulalewa shi kaɗai, kamar muciya a cikin kunu, har ya kusa ɓacewa. Ya ga a zuci motar kasuwa cike da mata da yara a kan gadar da ya so a ɗora.

Ma'aikatan suka yi wa bututun walda da wani, suka ci gaba. Bayan kwanaki ƙarar ta sauya, ta zama tsantsar amon ƙarfe kamar ƙararrawar majami'a, gudumar har tana tsalle baya. Keziya ta aika aka kira shi, ta ce, "Baba, saurara. Wannan ne dutsen."

Damina ta zo ba a gama gadar ba, mai fito ya sake ɗaukar filafilinsa. Wata rana ruwa ya taso da ƙarfi yana tsakiyar kogi, da mace mai naƙuda a kwalekwalen. Ya jefa igiya a wuyan ɗaya daga cikin ginshiƙan da suka leƙo saman ruwa. Kogin ya ja iyakar jansa, ƙarfen ko gezau, har ruwan ya lafa suka ƙetare lafiya. Da rani ya zagayo aka ɗora gadar, ya haye ta da ƙafa, a hankali, yana leƙen ruwan.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Ginshiƙin nan zuciyar mutum ce. Ɓawon marmara kuwa shi ne abin da muke dogara da shi tun ba mu kai ga Ubangiji ba: an haife ni a gidan masu bi, ina zuwa sujada, ba wanda ya taɓa kama ni da laifi. Waɗannan suna da tauri, amma ba su da kauri, ba za su ɗauki nauyin ranar baƙin ciki ba. Gudumar ita ce horon Allah. Wani a cikinku yana cewa, "Ya Ubangiji, ai na tsaya, me ya sa ake ta buguna?" Wata kuma abin da ta dogara da shi ya fashe, tana jin kamar nutsewa take yi ba iyaka. Kada ki ji tsoro, wanda yake aikin ya san abin da ke ƙasa, ba zai bar ki a cikin taɓo ba. Dutsen shi ne Almasihu. Ba don ya farfasa ku yake kai ku can ba, sai don akwai mutanen da za su ƙetare a kanku: 'ya'yanku, da maƙwabtanku, da waɗanda ba ku ma san su ba. Mu ba shi wuri ya gama aikinsa. Amin.