Cikin Amarya, Akuyar Gwaggo

Don Allah, duk wanda ya karanta wannan kada ya faɗi sunana. Ko ka gane ni, yi kamar ba ka gane ba. Gwaggo ta ce in maganar nan ta fita daga gidanmu, sai ta ja min kunne har ya tsinke. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba.

Gwaggona Sa'adiyya awara take soyawa a bakin boda, nan Jibiya, inda manyan motoci ke layi kafin su tsallaka Nijar. Awararta akwai daɗi, ita kuma akwai ji da kai. Ko ledarta ba irin ta kowa ba ce, mai ratsin ja da kore ce, daga Maraɗi ake kawo mata. Duk layin ita kaɗai ke da irinta. In leda ta ɓaci da mai, sai ta wurga bayan rumfa. Direbobi ma su ci su yar.

Duk Asabar 'yan unguwa na yin gayya, su yashe kwata su tsince leda. Maharazu mai faci ne ke jan su. Ran nan ya tsaya gaban rumfarmu ya rusuna.

"Gwaggo, a taya mu mana, ko da aron tsintsiya ne."

"Wa ke biyan ku?"

"Ba kowa."

"To ashe aikin yi ne ba ku da shi. Matsa, ka tare min ciniki."

Abu ɗaya Gwaggo ke so kamar ranta, akuyarta Amarya. Marigayiya kakarmu ce ta bar mata ita. Kullum tana bin mu rumfa, tana kiwo a baya, tana lasar leda mai mai. Gwaggo sai ta yi dariya ta ce, "Ita ma ta san awara mai daɗi."

Sai cikin Amarya ya fara girma. Gwaggo ta bi layi tana shela wai tagwaye ne. Amma akuya sai ramewa take, ta daina cin dusa, har ta kwanta ta kasa tashi. Gwaggo ta ce bakin mutane ne, ta yi ta turare. Shiru.

Da ta ga abin ya fi ƙarfin turare, ta aika aka kira Malam Kefas, likitan dabbobi. Ya danna cikin, ya girgiza kai.

"Hajiya, babu ɗa a nan. In ban buɗe cikin nan yau ba, za ki rasa ta."

Gwaggo ta sa kuka. Ta ce in rufe ƙofar gida. Ya yi wa Amarya allura, ni ina riƙe da kanta, sannan ya tsaga cikin. Can sai ya zaro wani dunƙule, ya kai ƙwaryar fura, warinsa ba a magana. Ya jefa a roba ya zuba ruwa.

"Ga tagwayenki, Hajiya."

Leda ce zalla. Gwaggo ta buɗe baki za ta zagi maƙwabta, sai ruwa ya wanke dunƙulen. Ratsin ja da kore. Wallahi na ciji gyalena don kada dariya ta kuɓuce min.

Amarya ta tashi! Da ɗinkinta da komai, ta koma cin dusa kamar mai ramuwa. Asabar na zuwa, tun kafin Maharazu ya buɗe shago, ga Gwaggo da tsintsiya biyu.

Da Maharazu ya iso ya gan ta, sai ya ce, "Gwaggo, yanzu an fara biya ne?"

"Rufe min baki, ɗan nema. Kama buhu."

Yanzu ta ajiye kwando a gaban rumfa, kuma duk wanda ya zo da kwanonsa gyara biyu take masa. Yaran mota har rige-rige suke. Da damina ta zo, kwatarmu ba ta toshe ba. Amarya kuwa bana ta haihu, tagwaye na gaske. Mutane na ta yabon Gwaggo wai zuciyarta ce mai kyau, ni dai na san sirrin.

Darasin shi ne, ledar da ka yar ba ta tafi ko'ina ba, tana nan tana jiran abin da ka fi so. In ka ga ana gayya, kada ka tsaya tambayar wa ke biya, ɗauki tsintsiya kawai, gidanka kake sharewa. Kuma in za ka sayi awara, zo da kwa... wayyo, ga ƙarar takalminta a zaure, bari in