Ranar da Biro Uku Suka Ƙi Rubutu

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, mai tsantseni da zuhudu, wanda harshensa ba ya bushewa daga ambaton Allah. Shekara talatin yana koyar da fiƙihu a kwalejin da nake koyar da lissafi, albashinsa bai fi namu ba, amma ba a taɓa jin ya koka ba, alhali mu kafin goma ga wata aljihu ya yi ƙaf.

A shekarar da albashi ya yi wata uku shiru, maiɗakina ta kwana biyu a asibiti tana naƙuda, likita ya ce in ba a yi mata aiki kafin la'asar ba ana iya rasa uwa da ɗa, ni kuwa ko kuɗin allura babu. Na koma ofis neman taimako, sai na tarar da wani attajiri yana jirana, ɗansa ya faɗi jarrabawata. Ya ajiye ambulan mai kauri a kan tebur.

"Malam, talatin da biyu ce za ta koma sittin da biyu. Wa zai sani?"

Na jawo takardar maki. Birona ya ƙi rubutu. Na ɗauki na biyu, shi ma ya ƙi. Mutumin ya zaro nasa, ya gwada a tafin hannunsa ya fito raɗau, amma da na ɗora shi a kan takardar ko ɗigo bai zubo ba.

Sai ga sallamar Shehi a bakin ƙofa, shi da ban gaya wa komai ba. Ya dube ni cikin natsuwa.

"Ɗana, kada ka tarbi baƙo da haram. Mayar wa bawan Allah kayansa, ka tafi, ana nemanka."

Na tura ambulan ɗin, na fita da gudu, ban san ko gawa zan tarar ba. A bakin ɗakin haihuwa surukata ta tare ni tana hawaye.

"Ina ka shiga? Ta sauka da kanta, mace ce!"

Albashi bai zo ba sai bayan sati biyar, mun ji jiki ƙwarai, amma ban taɓa kallon 'yata na sunkuyar da kai ba.

Tsarki ya tabbata ga Wanda ke tsare bayinSa da hannun masoyanSa. Allah Ya ɗaukaka darajar Shehi, Ya yayyafa mana albarkarsa, Ya wadata mu da halal. Amin.