Kunyar Sallau da Kunnen Zinariya

Akwai wani manomi da aka yi a wani ƙauye kusa da Yekuwa, ana ce masa Sallau, a shekarun da mutane ke farfaɗowa daga farin nan na saba'in da uku. Mutumin kirki ne, sai dai kunyarsa ta wuce gona da iri.

Zinariya ce 'yarsa ta fari. A al'adar wurin uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Sallau ya riƙe wannan al'ada hannu bibbiyu. Tun da aka yaye yarinyar, yayarsa Hasiya ta ɗauke ta, ko da yake danga ce kawai ta raba gidajensu. In zai yi zancenta sai ya ce "yarinyar nan ta wajen Yaya". Yana son ta ƙwarai, amma bai taɓa bari ko ita ta gani ba.

Da ta girma ta auri Muttaƙa, wani ɗan kasuwa na wajen Waca mai shigo da kananzir da batir daga tsallaken iyaka. Ita ta ce tana son sa. To suruki ma akwai kunya tsakani, ba a zama tabarma ɗaya, ba a haɗa ido. Kun ga ke nan Sallau ba ya magana da 'yar, ba ya magana da mijin. Duk abin da zai sani sai ta bakin Hasiya.

Wata bakwai da biki, Zinariya ta dawo gida da yaji. Sallau ya hango ta daga nesa, ta ja kallabi ta rufe rabin fuska. Ya tambayi Hasiya, ta ce masa ƙuruciya ce kawai, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Bayan kwana uku kawun Muttaƙa ya zo biko da goro, shi kuma angon ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa kansa a ƙasa. Sallau ya leƙo ta danga ya ce a ransa, wannan yaro mai ladabi haka me zai yi wa mutum? Ya aika a ce mata ta yi haƙuri ta koma.

Ta sake dawowa da kaka, tana ɗaukar tulu da hannu ɗaya. Hasiya ta ce zamewa ta yi a bakin rijiya. Ta dawo karo na uku da bazara, ta rame, ko dariyar nan tata da yake jiyowa ta bayan danga babu.

Nan fa kan Sallau ya ɗaure. Ya san ruwa ba ya tsami banza, amma ya rasa inda tsamin yake. Ko yunwa ce? Ai gidan Muttaƙa ko a shekarar fari ba a rasa hatsi ba. Ko yarinyar ce ba ta da zama? Ai Hasiya ba ta yi sake da tarbiyya ba. Ya tambayi matarsa Aisa, ita kuma kunyarta ga 'yar fari ta fi tasa, ta ce ita ina ta sani. Ya tambayi abokinsa Maikano, ya ce ya bar zancen mata, kowace sai ta yi zarya kafin ta zauna.

Daga ƙarshe Sallau ya yanke a ransa iskoki ne ke korar ta daga ɗakin. Ya sayar da ɗan akuya, aka yi mata rubutu, aka haɗo turare, aka sake maida ta. An bar jaki ana dukan taiki, shi kuwa bawan Allah har ya ji daɗi ya yi abin da ya kamaci uba.

Da damina ta zo karo na huɗu.

Ran nan da hantsi yana dawowa daga gona da hauya a kafaɗa, ya hango ta a gabansa kan turba da ƙunshin rama a ka. Ya rage tafiya don kada su haɗu. Sai ga amalanken shanu ya ɓullo daga hagu, shanun sun firgita sun ƙwace wa mai su, ƙararsu ta cika wurin. Zinariya ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ya yi gyaran murya. Ya ce "ke". Ya duba ko akwai wanda zai kira masa ita, babu kowa. Sai ya buɗe baki iya ƙarfinsa ya kira sunan da bai taɓa faɗa ba tun ranar suna. Ta ci gaba da tafiyarta. Ya yar da hauya ya ruga ya fizgo ta, amalanken ya wuce ta kan ramar.

Suka tsaya cirko-cirko, kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Sallau ya tambaye ta ko ba ta ji kiransa ba ne.

Ta juyo masa da gefen dama ta ce, "Baba, kunnen hagu ba ya ji. Tun bazara."

Ya ce me ya same shi. Kanta a sunkuye ta faɗa masa. Marin farko a kan tuwo ya huce ne. Hannun nan ba rijiya ba ce, icen murhu ne. Kunnen kuma ranar da aka maida ta da turaren nan ne, Muttaƙa ya ce ta je ta tona masa asiri a garinsu.

"Duk na gaya wa Gwaggo, Baba. Na ɗauka ka sani, ka ce in koma."

Wannan kalma ta fi komai yi masa ciwo. Bai tsaya gida ba sai wajen Hasiya. Ba ta musa ba. Ta ce ina aka taɓa kai wa uba irin wannan magana ɗanya? Ita ma an doke ta a nata gidan, an maida ta, ga ta a raye. Ta rage maganar ne don ta rufa wa kowa asiri. Tana faɗi tana kuka, Sallau ya rasa wa zai ɗora wa laifin, ita, ko al'adar, ko shi kansa da ke da baki bai tambaya ba.

Ranar kasuwa ya kai Zinariya gidan likita a Magariya. Likitan ya haska kunnen ya ce ya fashe, kuma ya yi ruwa ya daɗe. Da an zo tun farko da an yi wani abu.

Da masu biko suka sake zuwa da goronsu, Sallau da kansa ya fito. Ya zauna gaba da gaba da surukinsa, abin da ba a taɓa gani ba a garin, ya ce yarinyar ba ta komawa. Muttaƙa ya fara zancen sharrin Shaiɗan, Sallau ya ce ya adana shi, zai yi masa amfani a gaban alƙali. A can aka raba auren, bayan Zinariya ta faɗi komai da bakinta, ubanta na zaune a gefenta na dama.

Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce Sallau ya yi daidai. Wasu suka ce ya zubar da girmansa, har da Maikano, wanda ya riƙa cewa saura a ga Sallau yana yi wa 'yarsa kitso. Shi kansa Sallau bai daina jin nauyi ba, in zai yi magana da 'yar har yanzu ƙasa yake kallo.

Bayan an cire amfanin gona, Maikano ya same shi a bakin rumbu. Ya yi ta kewaye-kewaye a kan farashin wake, sannan ya ce tasa 'yar farin ta zo yaji, karo na biyu ke nan, an ce masa ƙuruciya ce. Ya ce shi fa bai san ta inda ake fara magana da ita ba.

Sallau ya ce, "Ni ma ban sani ba, Maikano. Ka dai je ka tambaye ta da bakinka, tun tana jin ka."

Darasi: Kunya ado ce, amma kunyar da za ta hana ka tambayar 'yarka abin da ke cin ta a gidan aure, cutarwa ce. Duka ba ƙuruciya ba ne, kuma ba a yi masa maganin "je ki yi haƙuri". In mace ta gudo, a zaunar da ita a ji daga bakinta kafin a karɓi goron kowa. Ku tura wannan labari ga iyaye da 'yan'uwa, wataƙila akwai wadda ke jiran a tambaye ta.