Mutumin da Ya Ce Tauraro Ya Faɗi a Gonarsa

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, shekarun da ruwan madatsar Tiga ya mayar mana da rani kamar damina. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna raye. Manomin tumatir ne na gasken gaske.

Wata rana an idar da sallar Isha'i, jama'a suna fitowa daga masallaci, sai sama ta wanke da haske. Wani tauraro ne ya tsinko daga gabas, kansa fari tas, jelarsa kore da ja, yana zubar da tartsatsi kamar wutar maƙera. Ya 'yan uwa, waɗanda suka gani sun ce sai da kowa ya ga inuwarsa a ƙasa. Ruwan kanal, magudanar ban-ruwan gonaki, ya koma kamar narkakkiyar azurfa. Har jan tumatir an hango a cikin ganye. Sai ya rarrabu, ya ɓace, ko ƙara babu. Tsofaffi suna hawaye, yara suna kabbara. Wa ya kunna wannan fitila? Wa ya kashe ta?

Kowa ya tafi gida da tasbihi. Shi kuwa ya tafi da dabara.

Da safe ya ɗauko wani baƙin dutse a bakin kanal. Ya ce tauraron ne ya faɗi a gonarsa, wanda duk ya sha ruwan da aka jiƙa shi a ciki zai warke. Mutane suka yi ca a ƙofar gidansa, wani da kaza, wani da shinkafa.

Liman Datti ya same shi ya ce, "Ka ji tsoron Allah. Abin nan kowa aka nuna wa."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, hassada ga mai rabo taki ce."

Ya daina zuwa gona. Ranar da ake sakar wa gonarsa ruwa ta zo ta wuce, tumatir ya ƙone a tsaye.

Ana nan sai maciji ya sari ƙanensa Jaji yana ban-ruwa. Aka kawo shi ranga-ranga. Kulu matar Jaji ta durƙusa tana kuka, ta ce, "Yaya, don Allah a kai shi asibiti, ga mota can a bakin titi."

Ya san dutsen nan dutse ne kawai. Amma jama'a sun zuba masa ido. In ya ce a tafi, me zai gaya musu? Ya ce, "Kawo ƙwarya da ruwa."

Kafin La'asar Jaji ya cika.

A bakin kabari mutumin nan ya faɗi gaskiyar dutsen da bakinsa, ba wanda ya tambaye shi. Ba a doke shi ba, ba a zage shi ba. Gaisuwarsa aka daina amsawa. Ya bar gida da gona, ya shiga duniya, har yau ba labarinsa.

Ya 'yan uwa, Allah yana nuna aya ne don a girmama Shi, ba don bawa ya girmama kansa da ita ba. Ƙarya kuma in ta ƙoshi da baƙi, 'yan gida take ci.

Allah ya nuna mana ayoyinsa, ya ba mu idon gani da bakin godiya. Allah ya kiyaye mu da sharrin harsunanmu. Amin.