Wanzamin da Ya Naɗe Askarsa

Saura kaɗan in bar wannan takarda babu komai a kanta. Da Malama ta ce kowace ta kawo nasiha ranar Asabar, sai na ce a raina, ni da ko a gidan suna ba na iya ɗaga murya, me zan faɗa wa manya? Kuma labarin ya taɓa ni a inda ba na so. Amma kakata ce ta ba ni shi, ba kuwa don in ɓoye ba. Ku yi haƙuri da ni, ku saurara.

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari, tun zamanin da asibiti ɗaya ne a duk yankin. Wanzami ne, sunansa Nomau. Ba shi da komai sai zabirarsa da askarsa da ƙahonsa, da inuwar wani durumi a bakin kasuwa.

Cikin masu kawo masa kai akwai wani maɗinki, Ilu. Shekara tara Nomau na aske shi duk bayan Juma'a biyu. Wanzami kuwa ya san kan mutum fiye da mai kan.

Ilu yana da ciwo. Duk shekara, da gero ya fara fitar da kai, sai ya kama shi. Ba irin ciwon kan da muka sani ba. Gefe ɗaya ne, bayan idon dama, kamar an gasa ƙusa an soka. Idon ya yi ja, ya yi ta hawaye shi kaɗai, hancin wannan gefen ya yi ta zuba. Kullum da hantsi, kamar mai cika alkawari. Ba ya iya kwanciya, ba ya iya zama, sai zagaya tsakar gida yana buga kai da bango. Bayan awa ɗaya ko biyu ya sake shi. Gobe ya dawo. An ce iska ce, an ce sammu ne, an yi masa hayaƙi, hayaƙin ya ƙara tayar da ciwon.

Wata shekara, ciwon ya fi wata guda yana cinsa, Ilu ya zo gindin durumi ya ce, "Nomau, ko ka tsaga ni, ko in nemi rijiya."

Nomau ya yi masa tsaga uku tsakanin ido da kunne, ya kafa ƙaho, ya ja jini. Kwana uku, ciwo ya tafi.

Gari ya ɗauka. Hannun Nomau, hannun Nomau! Daga ƙauyuka ake zuwa, wannan da kaza, wannan da damin dawa. Sarkin Aska, shugaban wanzaman garin, ya fara zaunar da shi a gefensa.

Amma zuciyar Nomau ba ta kwanta ba, domin ya tuna wani abu da shi kaɗai ya sani. Duk shekara Ilu kan ɓace masa aski uku, a na huɗu ya dawo da suma kamar tunkiya, yana dariya, ba wanda ya tsaga shi. Wannan karon ma, ranar da ya zo, lokacin aski na uku ne. Ciwon ya riga ya ɗaura kayansa. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Ya faɗa wa matarsa Tabawa. Ta ce, "Malam, kai ka ce su yabe ka?"

Ya ce, "Ban ce ba. Amma ban hana ba."

Ta ce, "To ka ci gaba da rashin hanawa. Yaushe rabon da mu ga maiƙo a miya?"

 Shekara guda Nomau yana shiru, domin shi ma ɗan Adam ne.

Gero ya sake fitar da kai. Ran kasuwa da hantsi, durumi cike da jama'a, sai ga Ilu dafe da ido, yana tangaɗi.

"Yi sauri, ɗan'uwa! Wannan karon ka zurfafa, har kusa da idon."

Ku saurara, nan ne gwajin. Aska na hannun Nomau. In ya tsaga ciwon bai tafi ba, sai ya ce jinin ne ya yi yawa, a dawo mako mai zuwa. Ya yi ta tsagawa har kwanakin ciwon su cika, sunansa ya ƙara tashi. Ba wanda zai sani. Ba wanda zai sani sai Allah.

Ya naɗe askar, ya mai da ita zabira.

"Ilu, ba ni na warkar da kai bara ba. Lokacin tafiyar ciwon ne ya yi. In na tsaga ka yau, ciwo zan ɗora maka a kan ciwo."

"Kai dai tsaga! Me na yi maka?"

Wani daga baya ya ce, "Af! To mu da ka sha mana jini fa? A mayar mana da kajinmu!" Aka fashe da dariya.

Sarkin Aska ya miƙe ya ce, "Nomau, ka tsiraita mu a kasuwa. Wanzami ba ya faɗin inda askarsa ba ta ci."

Ilu kuwa ya ce, "Allah ya isa," ya juya.

Amma Nomau bai manta da maganar rijiya ba. Washegari tun kafin hantsi yana ƙofar gidan Ilu. Aka kore shi. Ya dawo. Ciwo ya tashi, Nomau ya sa tafin hannunsa tsakanin kan Ilu da bango. A rana ta huɗu Ilu ya gaji, ya bi shi suka hau motar zuwa asibiti.

Likita ya yi tambaya: gefe ɗaya? Lokaci ɗaya? Duk shekara? Ya ce ya san ciwon. Da hantsi ya yi, abin ya taso, aka zaunar da Ilu, aka rufe masa hanci da baki da robar iskar oksijin. Kafin minti goma sha biyar, ƙusar ta fita. Ilu ya yi kuka, wannan karon da ido biyu.

Likita bai yi masa ƙarya ba. Ya ce ciwon zai riƙa dawowa. Akwai ƙwayar da zai sha kullum idan lokacinsa ya zo, akwai allurar da ke katse shi in ya taso, ya guji taba da ƙamshi mai ƙarfi. Maganin ciwon kai na kanti kuwa, kafin ya fara aiki ciwon ya gama nasa.

Za ku so in ce sunan Nomau ya dawo. Bai dawo ba. Mutane ba sa yafe wa wanda ya ƙwace musu abin mamaki. Durumi ya zama kango, aka daina kiransa askin suna. Kai ɗaya ne bai taɓa fashi ba, har a lokacin gero: kan Ilu. Da Nomau ya rasu, sahu biyu bai cika ba. Ilu ne a gaban makara.

'Yan'uwa, gaskiya ba ta yi alkawarin cika tukunya ba. Amma wanda ya karɓi yabon da ba nasa ba a kan ciwon wani, da jinin wani yake miya. Mu nawa ne muke cewa "sha wannan, ni na san maganinsa," don kawai a ce mun sani? "Ban sani ba, mu je a duba ki," ita ma sadaka ce.

Ni ma ban tsira ba. Bara na ba maƙwabciyata Yaya Lantana man shanu da tafarnuwa ta shafa a irin wannan ciwon, ya tafi, har yau mata na aiko mini. Ina jin daɗi, ina shiru. Da kakata ta gama labarin, kallona kawai ta yi.

Washegari da safe na yafa mayafina, na yi sallama a gidan Yaya Lantana. Na ce, "Yaya, ba man shanuna ne ya warkar da ke ba. In ciwon ya dawo, ki aiko, ni zan raka ki asibiti."